Iya Alasho da Rigar da Aka Musanya

A Ilogun, can cikin duwatsun ƙasar Ekiti, da wuya ka ji mai kiran Sisiliya Fehintola da sunanta. Iya Alasho kowa ke ce mata, wato uwar tufafi, don kuwa shekara ashirin da bakwai ita ke riƙe da makullan ɗan ɗakin nan na bayan bagadin cocin Katolika inda ake ajiye kayan sawar Fada, limamin cocin. Ita ke wankewa, ita ke sa sitati, ita ke guga da dutsen gawayi, don ta ce dutsen lantarki ba shi da amana. Ta san ranar kore, ta san ranar ja, ta san shunayya ta kwanakin azumi. Kafin Fada ya shigo ta riga ta shimfiɗa masa komai bi da bi: farar doguwar riga ta ciki, igiyar ɗamara, siririn mayafin da ake ratayawa a wuya, sannan babbar rigar da ake zurawa ta ka, wadda ba ta da hannu.

Gajeruwa ce, ƙaƙƙarfa, mai ƙananan idanu da ba sa zama wuri ɗaya. Makullan a bakin zaninta suke, ta ƙulle su ƙulli uku. Ba ta yarda da kowa ba, kuma ba ta ɓoye hakan. In matan zumunta sun zo taya ta wanki kafin Ista, sai ta ƙirga kayan a gabansu, in an gama ta sake ƙirgawa, kuma duk wadda ta tashi tafiya da ƙunshi sai ta ce, "Yaya, me kika ƙunso haka? Mu gani mana, ko mu ma mu samu albarka." Ana dariya, amma ana kwancewa.

Tsofaffin garin sun san inda abin ya samo asali. Tana ’yar shekara goma sha tara aka kawo ta gidan Baba Akinyele masaƙi, aka aura mata ɗansa na fari, manomin koko. A lokacin surukarta, Iya Marta, ita ke riƙe da makullan. Cocin kuwa yana da riguna uku da babu irinsu ko a birni. Baba Akinyele ne ya saƙa su, Iya Marta ta kaɗa zaren da hannunta, shekarar da aka naɗa Fada Ajibade, ɗan garin na farko da ya zama Fada. Ɗaya baƙin saƙi ce mai ɗigo-ɗigo kamar zabuwa, ta azumi. Ɗaya alharini ce ja wur. Ta ukun ita ce uwarsu, saƙar zaren tsamiya ce tsantsa, siraran ƙwarya goma sha takwas aka haɗa, da gicciyen alharini a baya tun daga wuya har ƙasa. Da ita ya yi sujadarsa ta farko.

Wata shekara wani ɗan kasuwa ya zo daga Ibadan da akwati cike da rigunan Fada na ƙasar waje, masu sheƙi da zaren zinariya, marasa nauyi. Ya kwana biyu ya wuce. Bayan tafiyarsa aka ga sababbin riguna huɗu a ɗakin kaya, aka nemi baƙin saƙi da jan alharini aka rasa. Ta tsamiya ta tsira ne kawai don tana gida ana mata gyara. Wa ke da makulli? Iya Marta. Ba wanda ya ce mata ɓarauniya a fuska, amma mata suka riƙa matsawa in ta zauna a benci. Ta rantse ta maya, ta ce ita dai Fada Ajibade, wanda ke riƙe da cocin a lokacin, ya karɓi makulli a hannunta ranar, ya dawo da shi da yamma. To wa zai tuhumi Fada? Shi kuwa bai ce uffan ba, ba da jimawa ba ma aka mayar da shi wani gari. Iya Marta ba ta ƙara shekara ba ta rasu. Da aka rasa mai karɓar makullan, Sisiliya ta miƙa hannu ta karɓa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Tun daga ranar rigar tsamiya ba ta fita daga adakarta sai ranar Ista da Kirsimeti, kuma tana tsaye a bakin ƙofa har a tuɓe ta.

Haka aka yi ta tafiya. Mijinta ya rasu, ’ya’yanta huɗu suka watsu Legas da Akure, Fada-Fada suka zo suka tafi, ita tana nan. Sai aka kawo Fada Sanmi, saurayi mai fara’a, wanda bai kai ɗanta na biyu shekaru ba. A shekararsa ta biyu ya zo mata da magana: za a yi babban biki a birni, an ce kowane coci ya aika da tsohon abin da yake alfahari da shi, a baje mutane su gani. Mako biyu kacal.

"To a kai musu ƙararrawa," in ji ta. "Ita ma tsohuwa ce."

"Haba Iya, rigar suke so. Daga gidan Bishop takardar ta fito."

"To ni zan kai ta, in zauna kusa da ita har a gama."

"Mako biyu? Wa zai shirya min kayan Lahadi? Ga Baba Katikis zai kai ta da hannunsa, ya dawo da ita da hannunsa."

Ba a son ranta ba ta naɗe rigar cikin farin alawayyo, ta sa kafur a kusurwa huɗu, ta miƙa wa Katikis Faleye, mai koyar da addini a cocin, tana kallonsa kamar ta kama shi da akuyarta.

Ranar da rigar ta dawo, tun kafin ta buɗe ƙunshin gabanta ya faɗi. Nauyin bai yi mata ba. Ta shimfiɗa ta a kan tebur. Ga tsamiya, ga gicciye, ƙwarya goma sha takwas cif. Ta kai hanci. Rigarta tana da ƙanshin turaren wuta na shekara arba’in da ya kama jikinta, wannan kuwa ƙanshin turaren a sama-sama yake, kamar jiya aka turara ta. Ta shafa da yatsa. Zaren Iya Marta yana da ’yan ƙulle-ƙulle, nan kauri nan siriri, wannan kuwa sumul. Ta duba gefen ƙasa, inda garwashin turare ya taɓa faɗawa ya huda ta, ita da kanta ta cike wurin da allura. Ga cikon nan a wurinsa. Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta zaro reza ta warware shi zare-zare. Babu huda a ƙasa. Yadin lafiyarsa ƙalau, an dai ɗora masa ciko ne don a rufe mata ido.

Ta zauna a kan adaka. Ba kuskure ba ne ke nan. Wani ya zauna ya yi tunani a kanta, ya san inda za ta duba.

Ba ta yi ihu ba. Ta naɗe rigar, ta kulle, ta tafi gidan Fada, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Tashi, Iya, tashi don Allah. Riga ta iso lafiya ko?"

"Wata riga dai ta iso, Fada."

Ya yi ’yar dariya, ya gyara takardun da ke gabansa, waɗanda ba su buƙaci gyara ba. "Ai an kai ta wankin inji ne a birni. Kin san yana canza kaya."

"Ikon Allah. Ashe injin birni har huda yake warkarwa."

Ya ce yana da taro, za su yi magana daga baya. Ta lura bai tambaye ta wace huda ba.

Sai ta koma kan Katikis Faleye. Tsaranta ne, tare suka yi koyon baftisma, don haka ba ta jin nauyin bakinsa. Kwana uku da dawowarsa ya fito da sabon babur. Ta tare shi a gindin mangwaron coci.

"Baba Katikis, barka da arziki. Wannan doki fa, daga sama ya faɗo?"

"Ɗana na Fatakwal ya aiko min."

"Ɗan naka da ko katin Kirsimeti ba ya aikowa?"

"Allah ya shirye shi, ke ma Allah ya shirye ki. Sisiliya, in kina da magana ki fito da ita, ki daina zagaye kamar kaza za ta yi ƙwai."

"Wa ka ba rigata?"

"Wanda Fada ya ce in ba. Wa ya ba ni ita da zan dawo? Wanda Fada ya ce in karɓa a hannunsa. A ƙunshe na kai, a ƙunshe na dawo. Ni ko lanƙwasa zani ban iya ba, balle in san tsamiya daga buhun koko."

Ba ta yarda ba. Ta je har wurin mai sayar da babura a bakin tasha, wai tana tambayar wa ɗanta farashi, ta bi da dabara har ta ji lalle daga Fatakwal aka aiko da kuɗin. Ta ji haushin hakan ƙwarai, don ta riga ta gama yanke wa Faleye hukunci. Ta tuhumi direban Fada. Ta tuhumi shugabar zumuntar mata, wadda ƙanenta ke sayar da kayan gargajiya ga Turawa a Legas. Mako uku ba ta cin sakwara da daɗi. Gari ya fara cewa Iya Alasho ta fara taɓuwa, ga riga a adaka tana cewa an sace riga.

Wata safiya ta fito da rigar hasken rana, ta juya cikinta waje, ta bi haɗin ƙwarya da ƙwarya. Kowane gidan masaƙa da yadda yake haɗa nasa. Wannan haɗin, ɗinki biyu a gaba, ɗaya a baya, ta san shi kamar tafin hannunta, don a gidan da ake yinsa ta yi aure. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Adeleye, ƙanen mijinta, shi ya gaji saƙar Baba Akinyele. Ta same shi a rumfarsa yana jefa ƙoshiya. Da ganinta ya dakata, ya rusuna.

"Matarmu, sannu da zuwa. Yau rana daga ina ta fito?"

Ta wuce kai tsaye kan kwandon da yake zuba ragowar zare, ta tona, ta zaro wani ɗan curin alharini da guntun tsamiya. Ta ɗaga su.

"Wa ya yi aure a garin nan da tsamiya bana, ban ji ba?"

"Aikin wani Alhaji ne daga Ilorin."

"Alhajin da gicciye a bayansa? Adeleye, ni na yi maka wanka ranar da ƙyanda ta kama ka. Ka dube ni."

Bai iya dubanta ba. Ya ajiye ƙoshiya ya share gumi. Ya ce wata huɗu ke nan Fada Sanmi ya zo masa, ya roƙe shi ya saƙa irinta sak, kuma kada Iya ta ji. Shi kuwa ya san rigar, yana yaro shi ke miƙa wa mahaifinsa zare. Cikon, matarsa ce ta yi.

"Ina tawa?"

"Ba a sayar ba, na rantse da kabarin Baba. Tana wurin Fada Ajibade."

Sunan ya sauka mata kamar dutse. Shekara ashirin da bakwai ba ta furta shi ba. Ta ɗaure curin zaren a bakin zani kusa da makullai, ta fita ba sallama.

Washegari ta hau motar farko zuwa birni. Duk da abin da ke cinta ba ta tafi hannu biyu ba, ta ɗauki doya uku da kwalbar manja, don ba a zuwa gaida mara lafiya haka. A gidan da tsofaffin Fada ke hutawa aka nuna mata ɗaki na ƙarshe. Ta tarar da wani tsoho a kujera, ƙafafu a kumbure, wuya kamar na zakaran da ya sha ruwan sama. Da ƙyar ta gane dogon saurayin nan mai taƙama da ta sani. Ta durƙusa, don komai lalacewa Fada ne.

"Fehintola," in ji shi. "Na gaya wa yaron nan Sanmi ba za ki ruɗu ba. Ya ce ai idonki ya fara rauni."

"Idona ƙalau, Fada. Ina take?"

Ya nuna ƙarƙashin gado da haɓa. Ta jawo akwati, ta buɗe. Ƙanshin ya doke ta tun kafin ta gani. Ta shafa, ga ƙulle-ƙullen zaren Iya Marta. Amma an cusa ta cikin leda, an ninke ta ta kan gicciye.

"Wane mara tsoron Allah ne ya sa tsamiya a leda? So kuke ta ruɓe?"

"Ba za ta daɗe a ciki ba. Likita ya ce zuciyata ta gaji. Da ita na fara, da ita nake so a binne ni. Na san in na roƙe ki ba za ki bayar ba."

"Me ya sa kuwa ba zan bayar ba, Fada?"

Ta ci gaba da ninke rigar yadda ya kamata. Ba ta da niyyar taimaka masa da ko kalma ɗaya.

Can ya ce, "Ni na ba ɗan kasuwar nan rigunan. Ni na buɗe masa ɗakin. A lokacin kunyarsu nake ji. Abokaina suna sa siliki na Roma, ni ina sa abin da ake ɗaurawa a je bikin ƙauye. Na ɗauka gari zai yi murna da sababbin. Da na ga abin ya juya, sai tsoro ya kama ni, na ce bari ƙura ta lafa in yi bayani. Kafin ta lafa Iya Marta ta tafi."

"Ba ƙura ce ta kashe ta ba."

"Na sani. Na yi iƙirarin zunubin nan tuntuni."

"A kunnen wa? A kunnen wani Fada, cikin akwatin katako, ƙofa a rufe. Ita kuwa a tsakiyar kasuwa aka ci mutuncinta. Jikokinta har yau in sun yi faɗa da yara a makaranta sai a ce musu jinin masu sayar da kayan coci."

Tsohon ya rufe ido. Ta duba da kyau ko hawayen gaske ne, ta ga na gaske ne, amma hakan bai sa ta sassauta ba.

"Ga abin da za a yi," in ji ta. "Ka rubuta abin da ka gaya min, da hannunka, da Yarbanci, ba Turancin da rabin coci ba ya ji ba. A karanta ranar Lahadi a sujadar safe, wadda ta fi cika. Riga kuma da ita zan koma."

"In kin tafi da ita, ta yaya zan san za ki kawo?"

"Ka mutu tukuna, Fada, ka gani."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce a miƙo masa takarda da alƙalami. Ya fi awa yana rubutu, ita tana zaune da akwatin a kan cinya.

Karatunta bai wuce na littafin waƙoƙi ba, kuma rubutun tsoho kamar tafiyar kaza ne. Don haka da ta sauka a Ilogun ba ta kai wa Fada Sanmi takardar ba sai da ta biya gidan wata malamar makaranta ta karanta mata. Daga nan ta tafi unguwar gaba, wurin wani tsohon akawun kotu da ba ya ga maciji da malamar, shi ma ya karanta mata. Da ta ji bakinsu ya zo ɗaya, ta sa akawun ya kwafa mata biyu.

Ranar Lahadi ta zauna a bencin gaba, abin da ba ta taɓa yi ba. Fada Sanmi ya fara karantawa, ita kuwa leɓɓanta na motsi, don ta haddace. Da ya zo inda aka rubuta "na bar ta ta ɗauki laifina don ni matsoraci ne", ya ɗan yi jinkiri, ya ɗago ido, ya ga nata idon. Ya karanta. Wata tsohuwa a baya, cikin waɗanda suka riƙa matsawa a benci a wancan zamani, ta fashe da kuka. Bayan an tashi mutane suka yi ta zuwa suna riƙe hannun Iya Alasho. Katikis Faleye ya ce, "To, yanzu babur ɗina ya halatta?" Ta ce, "Ina dai dubawa."

Fada Sanmi ya zo ɗakin kaya ya ba ta haƙuri, har yana neman ya rusuna. Ta hana shi, ta ce Fada ba ya rusuna wa mai wanki. Amma a makon ta kira kafinta ya canza kwaɗon ƙofa, kuma ba ta ba shi makulli ba.

Wata biyar bayan haka, cikin damina, Fada Ajibade ya cika. Saƙo ya iso da hantsi, kafin azahar tana cikin mota da ƙunshi a cinya. Masu shirya gawa suka ce ta miƙo daga bakin ƙofa, mata ba sa shiga. Ta ce to su binne shi da singileti. Aka bar ta ta shiga. Ita ta zura masa rigar a kan farar ta ciki, ta gyara kafaɗu, ta daidaita mayafin wuya. Rigar ta yi masa yawa ƙwarai, sai da ta tattare ta ta baya. Ranar jana’iza, da za a rufe akwati, ta kutsa tsakanin manyan Fada-Fada masu alkyabbar karan-miski, ta kai hannu ta murza gefen rigar tsakanin yatsu biyu, sannan ta ja da baya. Aka gama addu’o’i, jama’a suka tafi cin shinkafa, ita tana tsaye ƙarƙashin lema a bakin kabari har magina suka zuba siminti suka shafe.

A hanyar komawa, cikin motar Fada Sanmi, suka yi ta tafiya har suka wuce gari biyu. Sannan ta ce, "Fada, wa ke riƙe da makullin maƙabartar nan?"

"Akwai mai gadi, Iya."

"Ɗan ina ne?"

Ta ƙara shekara goma sha ɗaya tana aikin. Rigar Adeleye ce ake sawa ranar Ista, kuma ba ta taɓa kiranta da wani suna ba sai "ta Adeleye". Ta sa shi ya saƙa baƙin saƙi da jan alharini a madadin waɗanda suka salwanta, amma ta ce sai da zaren hannu, ta nemo wata tsohuwa a ƙauye da har yanzu ke kaɗi, ta riƙa ɗaukar kujerarta tana zama a rumfarsa har aka gama. Da ciwon gwiwa ya hana ta hawa matakalar coci, aka naɗa matar ɗanta ta karɓi aikin. Makullan bakwai ne. Ɗaya-ɗaya ta riƙa ba ta su, kusan wata uku tsakani, na adaka kuwa sai da aka kwance shi daga bakin zaninta a asibiti.